Balbir Singh na Punjab: zinare uku a Olamfik, amma mu Dhyan Chand kaɗai muka sani

Ɗalibin Jalandhar:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa manyanmu da suka san ƙwallon gora, wato hoki, su sa baki.

Shekarata uku ke nan ina karatu a jihar Punjab ta Indiya. Wani abokin karatuna, mabiyin addinin Sikh, ya goya ni a babur zuwa ƙauyensu in gaida kakansa. Muna zaune ana zuba mana shayi mai madara, sai idona ya kai kan wani tsohon hoto a bango, gilashinsa har ya tsage ta gefe. Mutum ne siriri mai gemu, ya tattara gashinsa ya ƙulle a tsakiyar kai da ɗan farin ƙyalle, ya sunkuya riƙe da gora. Ni kuwa sunan ɗan ƙwallon gora ɗaya tak na sani a duk Indiya, sai na ce, "Baba, Dhyan Chand ne wannan?" Tsohon ya ajiye kofinsa a ƙasa, ya daɗe yana kallona bai ce uffan ba. Can ya ce wa jikan nasa ya gaya mini wannan Balbir Singh ne, kuma yana ƙaramin yaro ya taɓa ganinsa da idonsa yana buga wa 'yan sandan Punjab wasa. Wallahi ban ji daɗin kaina ba.

Da na dawo na zauna na bi tarihinsa. Ya ci lambar zinare a Olamfik sau uku a jere: Landan 1948, Helsinki 1952, Melbon 1956. A wasan ƙarshe na 1952 Indiya ta lallasa Holan da ci 6 da 1, biyar daga ciki shi ya zura, kuma har yau babu namijin da ya taɓa cin haka a wasan ƙarshe na ƙwallon gora a Olamfik. Ya rasu ranar 25 ga Mayu, 2020, a Mohali, yana da shekara 96.

Dhyan Chand ma zinare uku gare shi, 1928, 1932 da 1936. Amma shi ranar haihuwarsa, 29 ga Agusta, ita ce ranar wasanni ta ƙasa baki ɗaya, babbar lambar yabon wasanni ta Indiya ma sunansa take ɗauke da shi. To me ya sa aka ɗaga ɗaya har mu da ke nesa muka ji labarinsa, ɗayan kuma sai a bangon wani dattijo a ƙauye? Ni dai a ganina zinaren 1948 ya fi duk sauran nauyi, zan kuma faɗi dalilina in an ba ni dama.

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Kafin ka yi nisa, ƙanena, a ɗan warware mini wani abu. Su mutanen Sikh ɗin nan masu rawani da muke gani a finafinai, Musulmi ne ko Hindu? Tun ina yarinya nake ɗauka Musulmi ne saboda rawani da gemu.

Ɗalibin Jalandhar:
Anti, ba ko ɗaya ba ne, addininsu daban yake. Ya samo asali ne daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a yankin Punjab, a garin da yanzu yake cikin Pakistan. Suna cewa Ubangiji ɗaya ne, ba sa ajiye gumaka a wurin ibadarsu. Babban ɗakin ibadarsu yana Amritsar. A 1699 shugabansu na goma, Guru Gobind Singh, ya ɗora musu wasu alamomi, ciki har da barin gashi ba aski, ya kuma ba mazansu sunan Singh, wato zaki. Shi ya sa za ki ga kusan kowa Singh. In za su shiga fili ba su iya wasa da cikakken rawani, sai su naɗe gashin su ɗaure shi a ka da hankici. Har gobe haka yara ke yi a nan, da yamma za ki gan su a fili kowa da ɗan tukkunsa a ɗaure.

Wannan yawan suna ne ma ya sa ake ce masa Balbir Singh Babba, don bayansa an yi wasu Balbir Singh ɗin da dama. A tawagar Indiya ta Olamfik ɗin 1968 mutum uku ne masu wannan suna.

Baban Walid:
Malam, ni fa ban ga abin mamaki a nan ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Dhyan Chand shi ya fara buɗe wa Indiya ƙofa a idon duniya. A 1936 ya je Berlin, a tsakiyar mulkin Hitler, suka ci Jamus 8 da 1 a gidanta. Shi kansa Balbir ɗin ai ganin hotunan wannan nasara a majigi yana yaro ne ya sa wasan ya shiga ransa. Ta yaya za a haɗa almajiri da malaminsa?

Na biyu kuma, mu faɗa wa juna gaskiya. A wancan zamani ƙasashe nawa ne suka ɗauki wasan da gaske? A 1952 wasa uku kacal Indiya ta buga ta ɗauki zinare. Uku! A 1956 ta ci Afganistan 14 da nema, ta ci Amurka 16 da nema. Wannan gasa ce ko atisaye? Ƙwallo biyar a irin wannan zamani ba zai burge ni kamar biyu a yau ba.

Kawu Mai Gora:
Baban Walid, ɗana, ka taɓa riƙe gora a hannunka kuwa? Ba gatse nake maka ba, tambaya ce.

Ni na buga wasan nan shekara biyar a makarantar kwana, a filin da rabinsa ciyawa ce rabinsa tsakuwa. Bari in gaya muku abin da ba a gani a lissafin ci. Gora gefe ɗaya kawai ake bugu da shi, gefen da yake shafe. In ƙwallo ta koma hagunka sai ka murɗa sandar a tafin hannunka ka juyo bakinta, kana cikin gudu, kana sunkuye, bayanka na ciwo. Ƙwallon kuma tauri gare ta kamar dutse. A kan ciyawa ba ta tafiya santsi, tsalle take yi, sai ka shirya tarbarta a ƙasa ta tashi ta same ka a ƙauri. Har yau akwai tabo a ƙafata ta dama. Sannan ba a ƙirga ci sai ka taɓa ƙwallon a cikin da'irar da ke gaban raga, inda masu tsaron baya suke cunkushe suna sara. A cikin wannan matsatsin wuri, a wasan ƙarshe na Olamfik, mutum ya zura biyar.

Kuma ka ce wasa uku. Haka ne, tsarin gasar ne ya zo da haka, sili-ɗaya-ƙwale aka yi. Amma dubi waɗanda aka buga da su. Ostiriya 4 da nema. Birtaniya a wasan kusa da na ƙarshe, 3 da 1, duka ukun Balbir ne ya ci. Sai Holan. Ƙwallo 13 Indiya ta ci a gasar, 9 nasa ne. Birtaniya da Holan ba Afganistan ba ne, su ne manyan Turai a lokacin. In kuwa sauƙin zamani ne, me ya hana wani a tawagar ya ci biyar ɗin? Shekara sama da saba'in ke nan ana buga wasan ƙarshe, da sanduna na zamani da fili mai santsi, babu wanda ya kamo shi.

In ma raunin abokan karawa za mu bi, ai a 1932 ƙasashe uku ne kawai suka shiga gasar, Indiya ta ci Amurka 24 da 1. Ban ji ka rage wa Dhyan Chand daraja saboda haka ba.

Baban Walid:
Kawu, Allah ya ba ku haƙuri, ban taɓa bugawa ba, kallo kawai nake yi. Maganar 1932 kun kama ni, na karɓa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa na farko shi ne na farko. To Ɗalibi, ka ce 1948 ta fi nauyi. Muna jinka.

Ɗalibin Jalandhar:
Na gode, Kawu. Abin da kuka faɗa game da gora ba zan taɓa samunsa a karatu ba.

Baban Walid, duk zinare ukun Dhyan Chand a ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila aka ci su. Indiya ba ta da 'yancin kanta, tutar da aka ɗaga ta masu mulkin mallaka ce. Birtaniya kuwa, wadda ta ci zinare a 1920, tun da Indiya ta shigo a 1928 ba ta ƙara kawo tawagar ƙwallon gora Olamfik ba har bayan yaƙin duniya na biyu. Mutane da yawa a nan sun yi imani gudun kunya ne, kada bawa ya kayar da ubangidansa a bainar jama'a.

Sai ga Agustan 1947, aka ba da 'yanci, aka kuma tsaga ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Layin da aka ja ta tsakiyar Punjab ya bi. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi na gudu yamma, Hindu da Sikh na gudu gabas, aka kashe dubban ɗaruruwa a hanya da cikin jiragen ƙasa. Kowane ɓangare ya kashe, kowane ɓangare an kashe masa. A nan Punjab da wuya ka shiga gidan da ba shi da labarin wannan shekara. Kakan abokin nawa ma iyayensa daga can ɓangaren suka tsallako da shi.

Yanzu ku dubi Balbir. A ƙauyen Haripur Khalsa aka haife shi, ya tashi a Moga, ya yi karatu a Lahore, daga baya ya koma kwalejin Khalsa ta Amritsar inda koci Harbail Singh ya goge shi. Matarsa 'yar Lahore ce. Dare ɗaya Lahore ta zama wata ƙasa. Shi kuma ɗan sanda ne a lokacin, yana bakin aiki a tsakiyar rikicin, abin da mutane ke gudu shi ake tura shi ya je ya gani. Tawagar Punjab da yake bugawa, wadda ta haɗa Musulmi da Sikh da Hindu, ta watse. Kyaftin ɗinsu, Ali Iqtidar Shah Dara, wanda ya ci wa Indiya zinare tare da Dhyan Chand a 1936, shi ne ya jagoranci Pakistan zuwa Landan a 1948. Abokan da suka sha ruwa a kofi ɗaya suka haɗu a Landan kowa da rigar ƙasarsa.

Shekara ɗaya bayan wannan jini, ranar 12 ga Agusta, 1948, saura kwana uku a cika shekara da samun 'yanci, Indiya ta shiga filin Wembley ta fuskanci Birtaniya a wasan ƙarshe. A gidansu, a gaban mutanensu. Aka tashi 4 da nema. Biyun farko Balbir ne ya ci. Ranar ce aka fara ɗaga tutar Indiya mai 'yanci saboda zinare a Olamfik. Har tsufansa in aka tambaye shi abin da ya fi tsaya masa a rai, ɗaga tutar nan yake ambata, ba ƙwallaye biyar na Helsinki ba. Mahaifinsa, Dalip Singh, ɗan gwagwarmayar neman 'yanci ne da ya sha ɗauri a hannun Turawa. Ku auna abin da ɗan irin wannan mutum zai ji a wannan rana.

Maman Ikram:
Allahu Akbar. Jikina har ya yi sanyi. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne na abokan wasan da aka raba. A ce jiya kuna tawaga ɗaya, yau kun haɗu a baƙon gari, tsakaninku akwai gawarwakin 'yan uwanku. Ko gaisawa ma da wane baki?

Amma ina da tambaya. Uba yana yaƙi da Turawa, ɗa kuma ya shiga aikin ɗan sandan Turawa? Yaya aka yi haka?

Ɗalibin Jalandhar:
Anti, wannan tambayar shi ma ya sha amsa ta. Yadda ya ba da labari da bakinsa, ba da son ransa ya shiga ba. Shugaban 'yan sandan Punjab na lokacin, Bature ne, ya ga wasansa ya ce lallai sai ya buga wa tawagar 'yan sanda. Balbir ya ƙi, ya gudu Delhi ya kama wani aikin. Aka bi shi har can, aka sa masa ankwa aka dawo da shi Jalandhar, aka ce ya zaɓa, ko kaki ko gidan yari. Haka ya zama ɗan sanda, ya kuma daɗe yana jagorantar tawagarsu.

Kawu Mai Gora:
Akwai abin da Ɗalibi ya tsallake a 1948, kuma shi ne ya fi ci mini rai a duk tarihin mutumin nan. Wasa biyar Indiya ta buga a Landan, biyu kawai aka sa shi. Wasan farko da Ostiriya yana benci. Na biyu da Ajantina aka sa shi, aka ci 9 da 1, shida nasa ne. Yaro ya ci shida a wasansa na farko a Olamfik, sai me? Sai aka mayar da shi benci a wasan Sifaniya, aka sake barinsa a wasan kusa da na ƙarshe da Holan, wanda da ƙyar aka sha da ci 2 da 1. Shi ya ce ɗaliban Indiya da ke Landan ne suka kai kuka wurin jakadan ƙasarsu, Krishna Menon, kafin aka sa sunansa a wasan ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa zama a benci alhali ya san ya fi wanda ke cikin fili, ya san zafin abin. Ni an taɓa yi mini, a wata gasar makarantu, aka cire ni aka sa ɗan wani babba. Shekara hamsin ke nan ban manta ba. Shi kuwa da aka sa shi bai tsaya ƙorafi ba, ƙwallo biyu ya ba su kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Baban Walid:
To ga inda nake so mu zo. Ana nufin don shi Sikh ne aka yi masa haka, kuma don haka ne ba a ɗaukaka shi ba? Don na san can maganar za ta nufa.

Ɗalibin Jalandhar:
Akwai masu faɗin haka ƙarara, kakan abokina yana cikinsu. Suna cewa Sikh tsiraru ne, ba su kai kashi 2 cikin 100 na mutanen Indiya ba, kuma bayan abin da ya faru a 1984, lokacin da sojoji suka shiga ɗakin ibadarsu na Amritsar, daga baya masu gadin Firaminista Indira Gandhi 'yan Sikh suka kashe ta, aka bi 'yan Sikh ana kashewa a Delhi, ba a ƙara son ɗaga wani mai rawani a matsayin gwarzon ƙasa ba.

Malamar Tarihi:
Ina bin ku tun ɗazu, a nan ne zan sa baki. Ƙanena, a yi hattara da wannan bayani, don yana da daɗin faɗa amma bai rufe ko'ina ba. Mutumin nan shi ya riƙe wa Indiya tuta a bikin buɗe Olamfik har sau biyu, 1952 da 1956. Shi aka ba kyaftin a 1956. A 1957 shi ne ɗan wasa na farko da aka ba lambar girmamawa ta Padma Shri. Ƙasar da ke ƙyamar mutum ba ta miƙa masa tutarta ya shiga gaba. Zancen benci na 1948 kuma, masu bin tarihin wasan sun fi danganta shi da ja-in-ja tsakanin yankuna, don 'yan Bombay ne suka fi yawa a tawagar.

Ni abin da na fi gani shi ne wasan ne kansa ya faɗi, ya tafi da mutanensa. A 1960 a Rum Pakistan ta karya wa Indiya tarihi da ci 1 da nema. A 1976 a Montreal aka koma buga wasan a kan ciyawar roba, mai tsadar da ƙauyukan Punjab ba za su iya shimfiɗawa ba, wasan ya koma na gudu da ƙarfi, Turawa da Ostireliya suka karɓe. Zinaren Indiya na ƙarshe shi ne na Mosko a 1980. Shekara uku bayan haka, 1983, Indiya ta ci kofin duniya na kurket, daidai lokacin da talabijin ke shiga gidaje. Daga nan yaro ya ajiye gora ya ɗauki faskaren kurket. Idan al'umma ta juya wa wasa baya, suna ɗaya take riƙewa don shaida, kuma na farko take riƙewa. A nan Baban Walid yana da gaskiya.

Ban ce babu wariya a Indiya ba, akwai ta, kuma ciwon 1984 gaskiya ne. Amma Leslie Claudius ba Sikh ba ne, yana da zinare uku da azurfa ɗaya, su waye suka san shi a cikinmu? K. D. Singh Babu, kyaftin ɗin 1952, fa? An manta da su gaba ɗaya ne.

Ɗalibin Jalandhar:
Malama, na karɓi gyara, kuma na gode. Sai dai abu ɗaya ya hana ni sakin maganar tsohon nan gaba ɗaya. A 1985 Balbir ya kwashi lambobinsa na gasa daban-daban, da tsofaffin hotuna, da kwat ɗin da ya sa a matsayin kyaftin a Melbon, ya miƙa wa hukumar wasanni ta ƙasar don a ajiye a gidan tarihin da aka ce za a buɗe. A 2012, da aka zaɓe shi cikin 'yan wasa 16 na duniya da aka baje tarihinsu a Landan, shi kaɗai daga Indiya, aka nemi kwat ɗin. Babu shi babu dalilinsa. Iyalinsa suka yi ta bin ofisoshi, har ya koma ga Mahaliccinsa ba a gano kayan ba. Allah ya sa zinare ukun na Olamfik bai haɗa da su ba. Ko ba wariya ba ce, wannan sakaci ya yi yawa.

Malamar Tarihi:
Wannan kam babu abin da zan kare. Abin takaici ne.

Ɗan Zangon Kumasi:
Salamu alaikum, ku ba baƙo wuri. Ina jin daɗin zancen nan, don mu a Ghana muna da ɗan rabo a ciki. A kofin duniya na 1975 a Kuala Lumpur, Ghana ta je, kuma rukuni ɗaya aka sa mu da Indiya. Sun ba mu 7 da nema, ba ɓoyewa. Manajan wannan tawaga ta Indiya shi ne Balbir Singh ɗin da kuke magana. Kuma wannan ne kofin duniya ɗaya tilo da Indiya ta taɓa ci a ƙwallon gora har yau.

Abin da nake so Maman Ikram ta ji shi ne na wasan kusa da na ƙarshe. Malesiya, masu masaukin baƙi, suna gaba da 2 da 1, saura 'yan mintoci a tashi. Aka samu gajeriyar kwana, wato bugun horo da ake turowa daga layin baya kusa da raga. Wanda aka taso daga benci ya buga ta Musulmi ne, Aslam Sher Khan. Ya sumbaci layar da mahaifiyarsa ta ba shi, ya buga, ta shiga. Aka ƙara lokaci Indiya ta ci 3 da 2. A wasan ƙarshe suka doke Pakistan 2 da 1, ƙwallon nasara kuma Ashok Kumar ne ya ci, ɗan Dhyan Chand na cikinsa. Kyaftin Sikh ne, Ajit Pal Singh. Mutumin da ya ga abin da ya gani a 1947, da ya tashi neman wanda zai ceci ƙasarsa a minti na ƙarshe, bai tsaya duba addini ba.

Maman Ikram:
Ɗan uwa na Kumasi, Allah ya saka da alheri. Wannan ya wanke mini zuciya.

Kawu Mai Gora:
Ɗan Zango ya tuna mini da Afirka. A zamaninmu in ana zancen ƙwallon gora a nahiyar nan Kenya ake fara kira, kuma 'yan Sikh ne ƙashin bayan tawagarsu, zuriyar mutanen da suka zo Gabashin Afirka a zamanin Turawa. Avtar Singh Sohal ya buga wa Kenya Olamfik huɗu, daga 1960 zuwa 1972. A kofin duniya na farko, 1971 a Barcelona, Kenya ta zo ta huɗu, Indiya ce ta kayar da ita a wasan neman na uku, kocin Indiya a gasar kuwa Balbir ne.

Amma bari in koma Melbon, don Baban Walid ya ce atisaye ne. A wasan farko da Afganistan Balbir ya ci biyar, sannan ya karye a yatsar hannun dama. Hannun dama shi ke ƙasa a jikin gora, duk bugun da ka yi girgizar a nan take sauka. Ko targaɗe ne a wannan hannu ba ka iya tare ƙwallo mai ƙarfi sai ka ji har cikin haƙoranka. Ya zauna sauran wasannin rukuni, Udham Singh ya riƙe gaba ya yi ta ci. Da aka zo wasan kusa da na ƙarshe da Jamus ya dawo, yatsa a ɗaure, da allurar kashe zafi. An ɓoye girman raunin don abokan karawa su ci gaba da sa mutum biyu a kansa, wasu su samu sarari. Jamus 1 da nema. Pakistan a wasan ƙarshe 1 da nema, Randhir Singh Gentle ya ci daga gajeriyar kwana. Ƙwallo 38 suka zura a gasar, ko ɗaya ba a zura musu ba. Wasannin biyu na ƙarshe ba atisaye ba ne, ɗana, kowanne da ƙwallo ɗaya aka rabu.

Baban Walid:
Kawu, na janye kalmar atisaye. Zancen yatsar nan ban san shi ba. Amma in aka ce in zaɓi ɗaya, har yanzu Dhyan Chand zan ɗauka, don shi Balbir ɗin ma bai taɓa yarda a ɗora shi sama da shi ba. Abin da na yarda da shi yanzu shi ne bai kamata a kira ɗaya a yi shiru a kan ɗayan ba.

Malamar Tarihi:
Kuma Punjab ba ta saki wasan ba. Tagullar da Indiya ta ci a Tokyo a 2021, bayan shekara 41 babu lamba, kyaftin ɗin Manpreet Singh ne. Ta Paris a 2024 kuma Harmanpreet Singh. Dukansu 'yan Punjab. Balbir ya sha faɗin burinsa na ganin Indiya ta koma kan mumbarin Olamfik, ya rasu saura shekara ɗaya da 'yan watanni.

Kawu Mai Gora:
Ɗalibi, ina da saƙo. Na ji an sa wa filin ƙwallon gora na Mohali sunansa. In ka samu hutu ka je ka ɗauko mana hoton ƙofar. Sannan in ka koma ƙauyen nan, ka gaida mini dattijon, ka ce wani tsoho daga Najeriya da ya buga baya na dama yana gaishe shi. Ka tambaye shi, ranar da ya ga Balbir, ta wane gefe ya fi shiga da'ira, kuma yana tsayar da ƙwallo kafin ya buga ko a guje yake sakinta. Wannan nake son sani tun ina saurayi.

Ɗalibin Jalandhar:
In sha Allahu, Kawu. Mohali tafiyar kamar awa uku ce daga nan a bas, zan je bayan jarrabawa. Ƙauyen kuwa an riga an gayyace ni bikin girbin alkama a watan Afrilu. Zan rubuta tambayoyinku a takarda in ba jikan ya karanta masa, don kunnensa ya yi nauyi, sai an matso kusa an ɗaga murya.